Albasar Kwaɗi

Da sunan Allah, mai rahama, mai jinƙai.

Takarda daga hannun mijinki Lawwali, a Sakkwato, zuwa ga Juwairiyya, a gidan Malam a Wurno. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda. Ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi, kuma kumburin ƙafar nan ya sauka. Ki gaishe mini da Malam da Inna, ki ce ɗansu yana neman addu'a.

Bayan haka, tun da kika tafi goyon ciki gidan nan ya yi mini faɗi, amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu ne ya faru, na rasa wanda zan gaya wa ba tare da ya yi mini dariya ba. Ke ma na san za ki yi, sai dai taki daga nesa ce, ba zan ji ba.

Kin san albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama bayan ruwan fari, mai farin fure da jan zane a tsakiya, wadda ko akuya ba ta kallo. Ranar Talatar makon jiya na cika kwando da albasa da kuɓewa zan kai barikin Turawa, gidan likita, inda kukunsu Junaidu yake saye a hannuna. Rana ta yi zafi, ban sami abin rufi ba, sai na fizgo albasar kwaɗi daga bakin lambu, ganye da fure duka, na lulluɓe kayan. Ina sauke kwandon a ƙofar baya matar likita ta fito. Ba ta ko dubi albasata ba, wadda na yi wata huɗu ina ja mata ruwa. Ta tsince rufin kaf ta rungume a ƙirji, tana ta magana da sauri cikin harshensu. Na ɗauka laifi na yi, har na fara duban ƙofa.

Junaidu ya ce ba laifi ba ne, so take yi. Na tambaye shi ko miya suke yi da shi, ya ce a'a. Na ce to magani ne, ya ce a'a. Na matsa kusa na tambaye shi a hankali ko wani asiri ne irin nasu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ja ni bakin taga na leƙa. Juwairiyya, ruwa ta zuba a kwalba ta tsoma karan, ta ɗora bisa teburin da suke cin abinci, ta jawo kujera ta zauna tana kallo. Aikinsa ke nan, kallo. Kuma abin da ta ba ni a kan ciyawar nan ya fi abin da Junaidu ya ba ni a kan kwandon duka.

Yanzu kwana bibbiyu nake kaiwa, har maƙwabtansu sun fara aikowa. Karon farko da na biyu na zaɓo waɗanda suka buɗe sosai, yadda duk ɗan halas zai kai nunannen kaya kasuwa, kafin azahar sun langaɓe. Ashe ɗanye ake so. A yanke shi da sassafe yana ƙulle, a tsoma a tulu, da la'asar ya buɗe a gidan mai saye, sauran furannin da ke kan karan su yi ta biyo shi har kwana huɗu. Ni da aka koya wa cewa sayar da abu kafin ya nuna ha'inci ne, yau ga ni ana roƙona in kawo wanda bai nuna ba. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye miki ba, tafiya ma ji nake kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Ki ci abinci, ki bar ɗaukar tulu. Wassalam.

Mijinki, Lawwali. An rubuta sha biyu ga Shawwal, 1339.

*

Daga Lawwali zuwa ga Juwairiyya. Gaisuwa da begen ganinki. Takardarki ta iso ta hannun fataken gishiri, na karanta ta sau uku, har da inda kika ce in gaishe miki da kwaɗin. Suna amsawa. Ina fatan nauyin jiki bai hana ki barci ba, kuma Malam ya rabu da tarin nan.

Bayan haka, furen ya ƙare. Mako uku ya yi, fadama ta koma ganye zalla, yadda take yi kowace shekara ba wanda ya taɓa damuwa. Ranar da na je bariki ba fure, gidaje biyar ne suka aiko suna tambaya. Matar likita ta sa Junaidu ya gaya mini suna da wata salla tasu, Kirsimeti, a tsakiyar ɗari, Turawan Argungu da Birnin Kebbi da Gusau duk nan suke taruwa. Ta ce in har zan iya kawo mata furen nan a lokacin, gidajen bariki ba za su nemi kowa ba sai ni, rani da damina. Kafin Junaidu ya rufe baki na ce zan iya. Sai da na fito hanya na tuna ban taɓa ganin albasar kwaɗi ta yi fure da ɗari ba, ban kuma taɓa jin wanda ya gani ba.

Amma ki duba tare da ni. Me ya sa take fure da damina? Ruwa. Me muke da shi a lambu wanda daji ba shi da shi? Jigo, abin jan ruwa daga gulbi. Albasa ta gaskiya da rani muke nomanta, don muna ɗebo mata gulbi da guga. Wannan ma ai albasa ce, kai gare ta a ƙasa kamar 'yar'uwarta. In ina ba ta ruwa safe da yamma, ta ina za ta san damina ta wuce? Tun da wannan tunani ya shige ni, abinci ma a tsaye nake ci. Na yi kwana shida ina haƙa a fadama, na kwaso kawunan kaya huɗu na jaki, na dasa fangali ashirin.

Kin san lambun ba nawa ba ne tukuna. Tun rasuwar mahaifina yana hannun Baffa Maigandi, aro ya ba ni. Labari ya riga ni isa zaurensa. Na same shi a kan buzu da littafi a buɗe, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen shafi. Ya ce ya ji na tumɓuke albasar mutane na dasa ta kwaɗi, a ƙasar da take ciyar da gidanmu tun zamanin kakansa. Na yi bayani iyakar iyawata, ya saurara har ƙarshe, kin san shi ba ya katse mutum. Sannan ya ce ya ba ni zuwa wannan salla ta Nasara. In lambun ya nuna zai riƙe gida, ya bar mini shi har abada. In bai nuna ba, zai karɓe, ni kuma in tafi Yawuri in zama magatakardan wani alƙali abokin karatunsa, wanda ya daɗe yana neman mai kyan hannu. Shekara uku. Na san Malam ba zai bari ki bi ni can da ɗanyen goyo ba, Baffa ma ya sani. Kuma tun da nake ban taɓa jin ya faɗi magana ya sake ta ba.

Ban ji tsoro ba, ko in ce kaɗan na ji. A bakin gulbi yanzu sunana Sarkin Noman Kwaɗi. Maccido, dattijon nan maƙwabcina na lambu, shi kaɗai ne ba ya faɗa a gabana, sai dai ya dube ni ya girgiza kai ya miƙo mini goro. Su yi ta faɗi, da ɗari za mu ga mai dariya.

Allah ya sauke ki lafiya. Wassalam.

Lawwali. Ashirin ga Zulƙida, 1339.

*

Daga Lawwali zuwa ga Juwairiyya, tare da gaisuwa mai yawa da barka da gama wanka. Ina gaishe ki, ina gaida baƙuwarmu. Tun da aka sa mata sunan mahaifiyata bakina ba ya iya kiransa, don haka Inna Ƙarama zan riƙa ce mata, ke ma ki saba. Kwana biyun da na yi wurin suna ban ga fuskarta sosai ba, mata sun cika ɗakin, kunya kuma ta hana ni matsawa. Ki rubuto mini wa ta ɗauko, kada ki ce Malam don kawai ki faranta masa.

Bayan haka, da ma kina nan ki ga lambun. Ruwan sama ya ɗauke tun ƙarshen Muharram, fadama ta bushe, albasar kwaɗi ta daji duk ta kwanta ta zama yayi. Tawa kuwa tana nan kore shar. Da asuba ina kan jigo, da la'asar ina kan jigo, na zuba mata takin tumaki wanda ko albasar sayarwa ban taɓa yi wa irinsa ba. Ganyen ya kai mini cinya, faɗinsa ya yi tafin hannu, in iska ta buso har ƙara yake. Masu kirana Sarkin Noman Kwaɗi yanzu sukan tsaya a bakin shinge su yi ta kallo. Wani mutumin Dundaye har ya tambaye ni wane iri ne, ko zan ɗiba masa.

Fangali huɗu ne kawai suka ba ni kunya, waɗanda ke can sama wajen jigawa. Ruwa ba ya hawa wurin sai da tulu, ni kuma hannu biyu gare ni, na bar su suka bushe ƙurmus. Asara ce, amma ƙarama, sha shida sun isa su cika bariki.

Junaidu ya zo ya gani da idonsa, ya riƙe baki, ya ce zai gaya wa uwargidansa ta fara tara kwalabe. Ni kuwa har na wuce nan a raina. In Turawan Sakkwato suna so, na Zariya da Kano me zai hana su? Furen ba zai kai can ba, amma kawunan suna iya yin wata a mangala ba su lalace ba. Ina ganin ranar da mutanen nan na bakin gulbi za su zo su durƙusa suna neman iri, ni kuma in yi ta jan rai. Ba zan ja sosai ba, kin san zuciyata.

Fure kam bai fito ba tukuna, amma da saura wata biyu, kuma shukar da ta yi irin wannan jiki ba za ta rasa haihuwa ba. Na aiko miki da ɗan turmin zane da kanwa. Ki shafa mini kan Inna Ƙarama. Wassalam.

Lawwali. Ashirin da biyar ga Safar, 1340.

*

Daga Lawwali zuwa ga Juwairiyya. Ina gaishe ki, ina gaida Inna Ƙarama da mutanen gida duka. Ina fatan sanyin bana bai taɓa ta ba.

Wannan takarda gajeruwa ce, don ba ni da abin daɗi da zan sa a ciki. Saura kwana sha biyar sallar Turawa, ko kara ɗaya babu. Kullum sai na bi fangali sha shida ɗin nan ina buɗa ganye ina leƙawa, ba komai sai wani sabon ganyen. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, sai ƙiba take yi tana kallona. Junaidu ya daina tambaya, in mun haɗu sai ya yi mini zancen sanyi.

Jiya Baffa ya zo. Ya zagaya lambun da sandarsa daga wannan kai zuwa wancan, ya ce ganye ya yi kyau, ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. An ce har ya sa a ɗinka mini jakar takardu.

Nan da 'yan kwanaki zan hau jigawa da tulu in jiƙa fangali huɗun nan da suka mutu, ƙasa ta yi laushi in tono kawunan in zubar, in dasa albasa ta gaskiya. Maccido ya ce zai ba ni irin dashe. Ko wa zai gaji lambun, kada ya same shi ba abin miya. Ina jin kunyarki ƙwarai, Juwairiyya. Na ɗauki abin da za ku ci ke da yarinyar nan na saka a kan kallon wata Baturiya. Ki yafe mini. Wassalam.

Lawwali. Tara ga Rabi'us Sani, 1340.

*

Daga Lawwali zuwa ga Juwairiyya. Gaisuwa, gaisuwa, da ƙarin gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ki yage waccan takarda ki hura wuta da ita, ki zauna ki karanta wannan.

Na jiƙa fangali huɗun kamar yadda na ce, tulu sittin na hau da shi har wuyana ya ƙage. Sai Maccido ya ce irin dashensa bai isa cira ba, in ba shi 'yan kwanaki. Na ci gaba da yayyafa wa wurin ruwa don kada ya sake taurara. Rana ta biyar na hau da fartanya zan fara tono, sai na ga wasu abubuwa sun tsattsago ƙasa, kore-kore masu kauri kamar babban yatsa. Na ce ganye ne. Na durƙusa na duba, ba ganye ba ne, kara ne, da ƙullin fure a kansa. Na bi fangalin da gwiwa ina ƙirgawa, na kai arba'in na rikice na sake daga farko. Rana ta tara sun kai mini gwiwa, ƙullin ya kumbura, jan zanen yana nunawa ta ciki.

Kin ga inda na yi wauta? Na ɗauke ta albasa, na yi mata gatan albasa. Ashe ita ba ruwa take jira ba, dawowar ruwa take jira. Sai ta sha ƙishirwa, ta zubar da ganye, ta fid da rai, sannan in ruwa ya sauka a kanta ta ce damina ta zo ta yi sauri ta haihu. Waɗanda na yi wata uku ina kashe kaina a kansu ba su taɓa sanin rani ba, don me za su yi fure? Waɗanda na yasar su ne suka fisshe ni. Na zauna a jigawa ina dariya ni kaɗai, har Maccido ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ranar jajiberen sallarsu na yanka da sassafe, na jera a tuluna shida, jaki biyu. Kwalabe suka ƙare, aka koma zubawa a bokitai. Da la'asar Junaidu ya kira ni bakin taga, lokacin sun fara buɗewa, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshi. Wani Bature mai furfura da ya zo daga Argungu ya fito har ƙofar baya, ya ce da Hausarsa ta hanci shekararsa sha biyu a ƙasar nan bai taɓa ganin wannan da ɗari ba, yaya na yi. Na ce masa sirrin gona ne. Matar likita ta cika alkawari, gidaje tara ne yanzu ke jirana.

Na tafi wurin Baffa da goro da alkyabba, ina tafe ina tsara yadda zan yi godiya. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaye ni, da niyya na busar da fangali huɗun ko da sakaci. Ba a yi wa Baffa ƙarya, na ce da sakaci. Ya ce to abin da ya zo da sakaci dace ne, ba sana'a ba, ba kuma a aza gida a kan dace. Raina ya ɓaci, amma a cikin cikina na san gaskiyarsa. Washegari ya zo lambu ya nuna fangali shida da sanda, cikin koraye shar ɗin nan, ya ce yana so ya ga fure a buɗe a kansu, da idonsa, ranar goma ga Rajab. Ba ƙulli ba, fure. In ya gani, magana ta ƙare. In bai gani ba, ayarin Yawuri yana tashi tsakiyar watan.

Wata biyu na ƙishirwa, kwana tara na ruwa. Zai yiwu, na auna shi ta kowace fuska. Yau na toshe hanyar ruwansu da laka. Ki taya ni da addu'a, ki ce wa Inna Ƙarama ubanta ya koyi yin damina da tulu. Wassalam.

Lawwali. Ashirin da takwas ga Rabi'us Sani, 1340.

*

Daga Lawwali zuwa ga Juwairiyya. Ina gaishe ki, ina fatan kun wuni lafiya. Na iso gida lafiya, jakin bai ba ni wahala ba. Har yanzu ina jin nauyin yarinyar nan a hannuna, kuma na yarda, Malam ta ɗauko.

Kin ce na fi son albasar kwaɗi da ke, na zo na yi kwana uku don in ƙaryata ki. To ji abin da kwana ukun suka jawo mini. Na bar fangali shidan sun yi mako uku ba ruwa, ganye ya yi rawaya ya kwanta, ƙasa ta fara tsagewa, komai yana tafiya daidai. Na dawo na wuce lambu kafin in shiga gida, sai na ga wurin jiƙe jagab, an buɗe toshiyar da na yi, ganye ya fara miƙewa. Na tsaya kamar an dasa ni.

Sai ga Maccido ya taho yana murmushi, yana nuna mini tafin hannunsa duk kanta ta fashe. Ya ce, "Na ishe shukarka tana mutuwa, kai kau ka tahi Wurno, sai nib ba ta ruwa. Kak ka ce komi, ai mu ɗaya na." Safe da yamma, kwana uku, tsoho mai ciwon baya, ya bar nasa fangalin yana jan jigona. Kin san yadda muke a bakin gulbi, in mutum ya kwanta ciwo ko ya yi tafiya, maƙwabci ne ke ba shukarsa ruwa, ba sai an roƙe shi ba. Ni ma na yi masa haka shekarar da ya karye. Laifina ne, na ɓoye sirrin ga kowa don kada a riga ni, har shi ban gaya wa ba.

Wallahi na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi ihu. Amma me zan ce? Na durƙusa na yi masa godiya, na yi masa addu'a, shi yana amin ni hawaye na zubo mini, ya ɗauka na jin daɗi ne har ya dafa kaina. Sai da muka zauna na warware masa komai. Bai yarda ba da farko, ya ce bai taɓa jin shukar da ake hana wa ruwa don a so ta ba. Da ya gane abin da ya yi, sai ni na koma ba shi haƙuri.

Yanzu kwana arba'in ne kawai suka rage na ƙishirwa, ba sittin ba. Na sake toshe hanyar, na yanke ganyen, na yaye ƙasa daga wuyan kawunan don rana ta same su. Ba zan saki ruwa ba sai ranar ɗaya ga Rajab, ranar ƙarshe da zan iya jira. Maccido ya naɗa kansa mai gadi, yana zaune a bakin shinge yana korar duk mai tausayin da ya doso da guga, kuma suna da yawa. Na je na gaya wa Baffa abin da ya faru, ko zai ƙara mini kwana goma. Ya ce Allah ya saka wa Maccido da alheri, rana kuma tana nan inda ya aje ta.

Duk da haka raina yana gaya mini za ta yi. Na tono kai ɗaya na duba, ya yi tauri ya tsuke, irin na waɗancan huɗun. Kada ki damu, ki dai riƙa addu'a. Wassalam.

Lawwali. Ashirin da biyu ga Jimada Ula, 1340.

*

Da sunan Allah, wanda godiya ta tabbata gare shi.

Daga mijinki Lawwali zuwa ga Juwairiyya. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna Ƙarama, da Malam da Inna. Ki karanta a hankali, kada ki tsallaka ƙarshe.

Ranar da aka ga wata aka yi shela, washegari da asuba na buɗe toshiya, ni da Maccido muka yi ta karɓa-karɓa a kan jigo har fangali shidan suka sha suka ƙoshi. Rana ta biyar ba komai. Ta shida ba komai, na kasa cin tuwo. Ta bakwai suka tsago, ba su kai na farko yawa ba, amma sun tsago, har Maccido ya jefar da hularsa sama. Daga nan na koma zama a gabansu ina roƙonsu kamar mutane.

Ranar goma ta zo, karan sun kai gwiwa, ƙullin ya kumbura har jan zanen ya nuna. Irin wanda in na kai bariki za a karɓa da hannu biyu. Amma Baffa fure ya ce, ba ƙulli ba. Na share lambun, na shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Da la'asar suke buɗewa, na zuba musu ido tun azahar. La'asar ta yi, ta wuce, rana ta yi ja, ba wanda ya motsa. Na kai hannu zan ɓare guda ɗaya da farce, na tuna wa zan nuna wa, na janye. Aka kira magariba. Ranar ta wuce, fure bai buɗe ba, Baffa kuma bai zo ba. Na ce ya ji labari ne, ya hutar da ni kunya. Na koma gida na fara ɗaure littattafaina.

Washegari na je lambu don in yi sallama da Maccido in nuna masa inda na aje guga. Muna zaune bayan la'asar sai na ji ƙamshi. Na waiwaya, guda ya buɗe, na kusa da shi yana buɗewa, kafin mu miƙe fangalin farko ya yi fari fat. Kwana ɗaya, Juwairiyya. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Ina cikin haka na ji ƙarar sanda a kan hanya.

Baffa ne, shi kaɗai, da farar rigarsa ta Juma'a. Ya shigo bai dube ni ba, ya bi fangali shidan ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya ya daɗe a kan wani. Na buɗe baki zan ce masa jiya ba su buɗe ba, don kada in ci lambu da ƙarya. Ya ɗaga mini hannu, shi da bai taɓa katse kowa ba. Ya ce, "Ni ban ga watan Rajab ba sai dare na biyu, idanuna sun tsuhwa. Ga ƙidayata yau goma ta. Na ga hure. Lambu naka na."

Duk Sakkwato an san ran nan sha ɗaya ga wata. Maccido ya sani, ni na sani, Baffa kuma ya san na sani. Na durƙusa na kama bakin rigarsa. Ya ce in tashi kada in ɓata masa riga da laka, ya juya ya tafi a hankali, bai waiwayo ba. Shekara talatin ina tsoron mutumin nan, ban taɓa sanin yana sona haka ba.

Ba Yawuri. Ki fara haɗa kaya, ranar Alhamis zan zo da jakuna biyu in nemi izinin Malam in ɗauko ku. Na sa an yi wa ɗakinki sabon daɓe. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Mijinki, Lawwali. An rubuta a Sakkwato, sha ɗaya ga Rajab, 1340, a ƙidayar Baffa.